Hancin Manu Mai Sufa

Duk wanda ya yi zaman tashar Gumel a shekarun 1970 ya san Manu Mai Sufa. Dogo ne siriri, mai ƙaramar murya, kullum da ɗan tsumma a kafaɗa. Mutane da yawa suna zaton da sayar da mai ya tashi, saboda yadda aikin ya zauna masa a hannu. Ba haka ba ne. Sai da ya haura shekara talatin kafin ya taɓa riƙe tiyo.

A wata ruga aka haife shi, arewa da Sule Tankarkar, inda in saniya ta yi nisan kiwo sai a je a samo ta a ƙasar Nijar. Gidansu suna kiwo, suna kuma noma gero da wake, Fulatanci a cikin gida, Hausa a kasuwa. Da ya isa aure aka ba shi Asama'u, 'yar kawunsa, suka haifi 'ya guda, Lauratu. Abin da aka san shi da shi tun yana yaro shi ne hanci. In aka isa sabuwar rijiya, shi ake miƙa wa guga ya shinshina, ya ce shanu za su sha ko ba za su sha ba, kuma da wuya ya kuskure.

Farin da aka yi a 1973 ne ya raba shi da wannan rayuwa. Ya kora rabonsa na garke ya yi kudu, wajen fadamun Haɗeja, ya tarar kowa ma can ya nufa, ba abin da ya rage sai tattakakkiyar ƙasa. A hanyar dawowa shanun suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ya samu ya yanka kafin ta cika, sai ya ba mutanen ƙauye naman ya ɗauki fatar. Ta ƙarshe a kusa da Gagarawa ta kwanta. Ya zauna a gefenta yana kore mata ƙuda har ta daina motsi, sannan ya tashi ya koma bakin hanya ya zauna, don bai san da wace fuska zai shiga ruga ba.

A nan wata akori-kura ta tsaya, hayaƙi na tashi daga gabanta. Direban, wani gajere mai faɗin ƙirji da yawan dariya, ya sauko yana fifita injin da hularsa. Ya dubi goran da ke gefen Manu.

"Ɗan Fillo, da ruwa a goran nan? Motata ce take jin ƙishirwa."

Manu ya miƙa masa. Ruwan da ya rage masa ke nan. Direban ya juye shi duka a lagireto, ya girgiza goran ya ji wayam, sannan ya dubi mai goran sosai.

"Ina shanun?"

"Sun ƙare."

Direban ya daina dariya. Ya buɗe ƙofar gaba ya ce masa ya shiga. Sunansa Ubale, motar wani attajiri yake tuƙawa tsakanin Gumel da Gagarawa da Maigatari. Bai kai Manu tasha ba, gidansu ya wuce da shi, wajen mahaifiyarsa Iya Kande, wadda ta dama masa fura ta ajiye a gabansa, ta fita daga zauren don kada ya ji kunyar sha. Da gari ya waye Ubale ya ja shi zuwa gidan man Alhaji Ɗantsoho, wanda mai juya masa famfo ya gudu Kano neman aikin kamfani.

Alhaji ya ƙare masa kallo ya ce, "Ka iya lissafi?"

Ubale ya riga shi amsawa. "Ranka ya daɗe, mutumin da ya san kowace saniya da uwarta da kakarta, galan ne zai gagare shi?"

Gidan man famfo biyu ne, na hannu, kowanne da kwalba a samansa wadda mai yake cikawa kafin ya gangara cikin tiyo. Fetur iri biyu ake sayarwa, ɗaya famfon na regula, ɗaya na sufa. Ranar farko warin ya juya wa Manu kai har ya zagaya baya ya yi amai. Amma tun a ranar ya lura warin iri biyu ne. Na regula yana da kaushi, na sufa kuma yana da wani ɗan zaƙi-zaƙi mai hawa ka. Abin da bai gane ba shi ne dalilin da ya sa ake sayar da ɗaya da tsada fiye da ɗaya, alhali duka wuta suke kamawa.

Ilu bakanike, mai rumfa a gefen gidan man, shi ya warware masa. Ya ɗauko wani tsohon fistin ya nuna masa.

"Ka ga wannan? Shi yake matse mai da iska a cikin inji, sannan fulogi ya ƙyasta wuta. To akwai man da ba shi da haƙuri. Da ya ji matsi sai ya kama da kansa tun ba a ƙyasta ba, ya doki fistin yana kan hawowa. Shi ne kake jin inji yana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Sufa ya fi jure matsi. Can matatar Fatakwal suke haɗa shi, mai iri-iri, su zuba masa wani magani mai darma, su auna su ba shi lamba. Lambar sufa tana sama da ta regula. Haƙurin nan kake saye, ba ƙarfi ba."

"In aka gauraya su fa?"

"Sai ka sami na tsakiya. Ba laifi, in injin ba mai zafin rai ba ne. Amma kananzir, kul. Ya fi kowa gaggawa. Zai ci fistin kamar gara."

Da haka Manu ya koyi motocin Gumel kamar yadda ya san shanu. Ya san tsohuwar da regula ke isarta, ya san sabuwar fijon ma'aikaci da ba ta shan komai sai sufa, ya san direbobin haya da ke son rabi da rabi don su rage tsada. A shekarar ne gwamnati ta daidaita kuɗin mai, abin da mutumin Legas zai biya shi na Gumel zai biya, tazarar sufa da regula kuma 'yan kwabbai ce. Amma a kan 'yan kwabban nan direbobi sukan yi musu tun hantsi har azahar. Mutanen Damagaram su ma sukan tsallako su cika tanki, suna cewa isansin Nijeriya, wato fetur, kamar kyauta ne in aka kwatanta da nasu.

Wata rana direban tanka ya kawo mai, cikin gajiya ya juye regula a rijiyar sufa, wato tankinsa na ƙarƙashin ƙasa. Ba wanda ya lura. Da Manu ya juya famfo kwalba ta cika, sai ya tsaya, ya ɗiga a tsummansa ya kai hanci. Ya ce wa mai motar ya yi haƙuri, ya tafi ya gaya wa Alhaji. Aka binciki direban tankar, ya duba ya dafe kai. Alhaji Ɗantsoho ya sa aka sayar da rijiyar gaba ɗaya a kuɗin regula, ya ɗauki asarar. Labari ya zagaya tasha. Daga ranar in direba yana shakkar mai, ko a ina ya sha shi, sai ya tsiyayo kaɗan a kwalba ya kawo wa Manu. In ya ce sufa ne, magana ta ƙare. Sunan ya bi shi tun daga nan.

Shekarun da suka biyo baya su ne masu daɗin rayuwarsa a gari. Ya ɗauko Asama'u da Lauratu, suka kama ɗaki a unguwar su Iya Kande. Ya yi ta tari har wata Alhamis ya je kasuwar Maigatari ya sayo farar karsana, ya ɗaure ta a bayan ɗaki, yana yanko mata ciyawa da kansa kafin ya tafi aiki. Ubale ma Allah ya cika masa burinsa. A shekarar ƙarin albashin Udoji, da kuɗi suka yawaita a hannun mutane, maigidansa ya sayi sabuwar mota ya sayar masa da tsohuwar akori-kurar. Ubale ya haɗa duk abin da ya mallaka, har da gonar da ya gada, ya biya. Ilu ya sauke injin ya gyara shi tsaf. Ranar da ta fito daga rumfa Ubale ya tsaya a gaban famfo yana shafa mata goshi.

"Ɗan Fillo, daga yau amaryata ba ta shan gauraye. Sufa zalla."

"Tsohuwar da ta sha ruwan gorana ce amarya?"

"Ai shi ne sadakinta."

Amma kuɗin da suka kawo motoci su suka kawo wahalar mai. Motoci sun yi yawa, matata ba ta isa, tankoki kuma sai su yi makonni ba su leƙo arewa ba. Wanda ya iso ma, rabinsa ta Maigatari yake sulalewa ya tsallaka iyaka, inda ya fi daraja. Famfunan Alhaji suka bushe. Manu yakan zo da safe ya share wurin ya zauna, direbobi su leƙo, ya girgiza kai. Da abin ya yi tsawo Alhaji ya kira shi ya ce, "Manu, ba korarka na yi ba. In ka sami abin yi ka riƙa yi, ranar da mai ya dawo wurinka yana nan."

Wanda ya zo nemansa Barau ne, wani mai sayar da mai a duro a bayan kasuwar Maigatari, irin sana'ar da daga baya aka riƙa kira bumburutu. Bai ɓoye abin da yake so ba.

"Masu ɗaga duro ina da su. Direbobi ne ba su yarda da ni ba. In suka gan ka a wurin, ba mai tambaya."

Manu ya ce zai zo, da sharaɗin duk duron da bai yarda da shi ba, ba za a kira shi sufa ba. Barau ya ce ya ji. Kuma da farko haka aka yi. Manu ya mayar da duro ba ɗaya ba, ba biyu ba, Barau yana tsaki amma yana haƙura, don ciniki ya ninka.

A Maigatari babu famfo. Tiyo ake zurawa a duro, mutum ya kafa baki ya zuƙa har mai ya taho, ya yi maza ya mayar da bakin tiyon cikin mazurari. A yini Manu yakan yi haka sau da yawa, kuma ba kullum yake tofarwa da wuri ba. Leɓɓansa suka tsattsage, abinci ya daina yi masa daɗi. Cikin damina wata rana man ya taho da ƙarfi ya sarƙe shi, ya bi ta hanci da maƙogwaro. Ya faɗi yana tari har idanunsa suka yi ja. Aka kawo shi Gumel a motar Ubale, ya kwanta da zazzaɓi da ciwon ƙirji, aka yi masa allurai a asibiti. Ya tashi, amma tarin bai bar shi ba. Akwai kuma abin da ya tafi bai dawo ba, wanda bai gaya wa kowa ba.

Asama'u ce ta gano. Wata safiya ta bar tukunya a wuta ta shiga maƙwabta karɓo rariya, ta dawo ta tarar dawa ta kama tana ƙauri har waje, shi kuwa yana zaune dab da murhu, ya juya baya yana gyaran takalmi. Ta sauke tukunyar, ta tsaya tana kallonsa.

"Malam, ba ka ji ba?"

"Me?"

Ta kawo tukunyar ta kara masa a fuska. Ya ga baƙin gindin, ya sunkuyar da kai.

"Tun ciwon nan ne?" ta tambaya.

"Zai dawo."

"To kafin ya dawo ka gaya musu."

"In na gaya musu, me zan je yi a Maigatari? Barau ba ni ya ɗauka aiki ba, hancina ya ɗauka. Shanu sun tafi na zo gari. In wannan ya tafi, ina za mu?"

Ta ajiye tukunyar. Ya koma aiki. In duro ya zo yakan ɗiga a tsumma ya kai hanci kamar da, amma da ido yake aiki yanzu. Yana duba launi, don sufa ja-ja ne. Yana ɗigawa a bayan hannu ya ga saurin bushewa. Kullum in ya tashi da safe sai ya shinshina tafin hannunsa, ko Allah ya sa. Haka aka yi watanni ba a sami matsala ba, har ya fara gaya wa kansa ido ma ya isa.

Wata Alhamis mai zafi, ana ta haɗa hadari ba a yi ruwa ba, aka sauke wa Barau sababbin durorin da suka zo ta hannun wasu baƙi. Manu ya buɗe ɗaya. Launi ja ne, har ya fi na kullum kyau. Ya ɗiga a hannu, ya ga ya ɗan jima bai bushe ba, ya bar maiƙo kaɗan. Ya san sufa ba ya haka. Sai ya ce a ransa ai yau iska a jiƙe take, komai ma ba ya bushewa.

Yana cikin haka Ubale ya iso, mota cike da buhunan hatsi da awaki da 'yan kasuwar da zai kai Sule Tankarkar, tanki kuma ya kusa ƙasa.

"Ɗan Fillo, an ce an sami sufa. Gaskiya ne ko zancen kasuwa?"

"Ga shi nan."

"Ka shaida shi?"

Mutane suna tsaye, Barau yana tsaye. Manu ya kai tsumman hanci. Bai ji komai ba, kamar ya shinshina dutse.

"Na shaida."

Ya zuƙa, ya cika masa tanki. Ubale ya ba shi goro, ya ja mota ya tafi.

Hanyar Sule Tankarkar rairayi ce, mota mai kaya sai ta yi da gaske. Ba su yi nisa ba injin ya fara ƙwanƙwasa. Da wani wuri Ubale ya sha man, da ya tsaya nan take ya juye shi a ƙasa. Amma Manu ya shaida, don haka ya ce ko saitin wuta ne ya goce, bari ya lallaɓa ya sauke mutane tukuna. Ya ƙara taka ta a cikin yashi. Injin ya yi zafi, ya yi wata ƙara, ya buga. Sai da aka nemo amalanken shanu aka kwashe kayan mutane, motar kuma wata babbar mota ta jawo ta Gumel washegari.

Ilu ya buɗe injin ya tarar fistin biyu sun huje, sauran kayan ciki sun lalace. Ya tsiyayo abin da ya rage a tanki ya kai hanci ya kawar da kai. Regula ne da kananzir mai yawa, an zuba masa wani abu ya yi ja.

Da la'asar Ubale ya yi sallama a ƙofar ɗakin Manu, da kwalba a hannu. Bai zauna ba. Ya cire toshiyar ya miƙa masa.

"Shinshina min wannan."

Manu ya karɓa. Ya riƙe ta a ƙarƙashin hancinsa ya daɗe. Ubale yana kallon fuskarsa, ya ga ko yamutsawa ba ta yi ba, alhali shi daga inda yake tsaye warin kananzir ya cika masa hanci.

"Tun yaushe?" Ubale ya tambaya a hankali.

"Tun damina."

"Tun ranar da na ɗauko ka daga Maigatari."

"E."

"Da ka gaya wa kowa ƙarya, ni sai ka ja ni gefe. Ni ne fa, Manu."

Wannan ne karon farko da ya kira shi da sunansa. Ya karɓi kwalbarsa ya toshe, ya juya ya tafi.

A tasha direbobi suka taru a kan Ubale suna son jin inda ya sha man, don wasu har sun fara cewa a je a ƙone rumfar mai shi. Ubale ya ce a hanya ya saya wajen wani baƙo mai jarka, bai san shi ba. Waɗanda suka gan shi a wajen Barau suka dubi juna, ya maimaita maganarsa da ƙarfi, suka bar zancen. Ilu ma bai tona ba. Manu ya je Maigatari sau ɗaya ya gaya wa Barau ya bar aiki. Barau ya rantse shi ma haka aka sayar masa, kuma kafin a yi haka sauran durorin sun riga sun tsallaka iyaka. Har Manu ya bar duniya bai san ko gaskiya Barau ya faɗa ba.

Injin ba ya gyaruwa sai dai a sayi wani, wani kuwa ya fi ƙarfin Ubale. Manu ya kwance karsanarsa, wadda a lokacin take da ciki, ya ja ta har ƙofar gidan Iya Kande. Ubale ya fito ya dube ta, ya dube shi.

"Mayar da ita."

"Ka sayar, ka ƙara."

"Ko uku ce irinta ba za ta tayar da motar nan ba. Sai mu zama mu biyu ba mu da komai. Mayar da ita, Lauratu ta sha nono."

Ya sayar da gangar jikin motar ga masu kayan gyara, ya tafi Kano ya sami tuƙin babbar mota mai zuwa Legas, aikin da a da yake cewa ko da kuɗi ba zai yi ba, don kada ya bar tsohuwarsa ita kaɗai da matarsa da yara ƙanana. Ranar tafiyarsa Manu ya je tasha ya tsaya daga nesa. Ubale ya hango shi, ya ɗaga masa hannu ya ce, "Ɗan Fillo, ka riƙa leƙa min Iya." Bai yi dariya ba, amma ya faɗa.

Bai cika shekara a wannan hanya ba. Wani yaron mota ya zo Gumel da jakar Ubale da hularsa, ya ce sun yi karo da tanka a wata gada can bayan Tegina, ya rasu, kuma a can aka binne shi.

Manu ya zauna a ƙofar gidan duk kwanakin zaman makoki, a ƙarshen tabarma, ba ya ɗaga kai. Bayan mutane sun watse Iya Kande ta aika a kira shi cikin gida. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Matso, ɗan nan," ta ce. "Na san abin da ke cin ka. Ubale ya gaya min tun kafin ya tafi."

Manu ya matso.

"Ya yi fushi da kai, ba zan ɓoye maka ba. Ni ma na yi. Amma zuwansa na ƙarshe ya tambaye ni tarinka, ya ce in ya dawo zai kai ka babban asibiti a Kano. Wanda ya riƙe mutum a zuci ba ya faɗin haka. Kwanansa ne ya ƙare a gadar nan. Kada ka ɗora wa kanka abin da yake na Allah."

"Iya, da na buɗe baki, da yana nan yana zuwa Gagarawa ya dawo."

"Wataƙila. To yanzu ka buɗe, ka yi masa addu'a."

Ya yi kuka a gabanta kamar yaro, ita kuma ta bar shi ya yi. Saniyar ta riga ta haihu a lokacin. Tun daga ranar, kowace safiya Asama'u takan raba nonon biyu ta kai rabi gidan Iya Kande saboda 'ya'yan Ubale, kuma ba a taɓa mayar da ƙwaryar ba a karɓa ba.

Da mai ya fara samuwa Alhaji Ɗantsoho ya cika alkawari ya aika masa. Manu ya koma, kuma a ranar farko, da wani direba ya miƙo masa kwalba, ya ce masa a gaban kowa, "Kai wa Ilu. Ni hancina ya mutu." Direban ya yi zaton wasa ne. Da aka gane da gaske yake, wasu suka haɗa wannan da wancan suka fahimci abin da ya faru da motar Ubale. Akwai waɗanda suka daina gaishe shi. Mafi yawa dai suka ci gaba da kiransa Mai Sufa, don baki ya riga ya saba.

Sai dai ƙirjin ya ƙi. In ya juya famfo kaɗan sai ya tsaya ya dafa ƙarfe yana haki. A ƙarshen 1978 gwamnati ta ƙara kuɗin mai ƙari mai yawa a tashi ɗaya, tasha ta rikice, har masu sababbin motoci suka koma neman gauraye, layi ya yi tsawo, aiki ya fi ƙarfinsa. Alhaji ya ce ya zauna a kujera ya riƙa kallo kawai, za a ci gaba da ba shi abin da ake ba shi. Manu ya yi godiya ya ce gara ya koma gida. Ya bar wa Iya Kande saniyar a hannunta, irin aron da Fulani ke yi, ta riƙe har ta haifa mata, shi kuma ya tafi da ɗan maraƙin. Suka koma rugar da ya bari, inda ƙanensa ya fara tara 'yan dabbobi.

Ya yi rani guda a can, yawanci a kwance a inuwar wata aduwa, yana koya wa Lauratu sunayen shanu da Fulatanci, don zaman gari ya sa ta fara mantawa. Ya rasu da hantsi, washegarin ruwan shuka na 1979. Maza suka ajiye sungumi suka yi masa sutura, suka binne shi, suka koma gona kafin ƙasa ta sha iska.

Labarin bai isa Gumel da wuri ba, sai da wani mai awon hatsi ya kawo shi. Ilu ya rufe rumfarsa, shi da direbobi biyu suka shiga mota da ɗan goro da sabulu da Iya Kande ta ba su su kai wa Asama'u. Bayan Sule Tankarkar motar ta kafe a laka, suka tura har suka gaji. Suka bar ta a nan, suka cire takalma, suka ƙarasa rugar a ƙafa.